Aron kari da neman gaibu a kiɗan Turai na ƙarshen zamanin Romantik

A wannan zamani da ake yawan maka mawaƙa a kotu kan satar kari, mai bibiyar tarihin kiɗan Turai yakan ci karo da abin da ke ɗaure kai. Mutanen da ake ɗauka su ne ƙololuwar fasaha a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, irin su Anton Bruckner da Gustav Mahler da Ferruccio Busoni da Sergei Rachmaninoff, ayyukansu cike suke da karin da ba su suka ƙirƙira ba: waƙar yara, waƙar coci, guntun aikin wani magabaci. Ba su ɓoye ba, masana kuma ba sa kiran abin sata. Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, mutanen wannan zamanin sun fi kowa da'awar cewa kiɗa ilhama ce da ke zuwa daga wata duniya da ido ba ya gani. To wanda ke cewa daga gaibu yake samo kiɗansa, me ya kai shi ɗaukar waƙar da yara ke rerawa a makaranta?

Abubuwan biyu ba karo suke yi ba. Falsafar zamanin ce ta jefa masu tsara kiɗa cikin wani ƙunci, aro kuma ya zama ɗaya daga ƙofofin fita.

## Kalmomin da ya kamata a fara warwarewa

Romantik wani yunƙuri ne na tunani da fasaha da ya taso a Jamus da Ingila wajen shekarar 1800, wanda ya fifita abin da zuciya ke ji da abin da ke ɓoye a kan abin da hankali ke iya aunawa. Ƙarshensa a fagen kiɗa ya kama daga wajen 1870 zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko da yake wasu sun ci gaba da rubutu da salon har cikin shekarun 1940.

Kiɗan zalla shi ne wanda kayan kiɗa kaɗai ke yi, ba murya ba baiti. Babban nau'insa shi ne simfoni, dogon aiki mai babi huɗu ko biyar da rundunar makaɗa, wato okestra, ke gabatarwa, masu goge da masu busa da masu ganga, wani lokaci su haura ɗari. Mutum ɗaya ne ke rubuta abin da kowa zai kaɗa, a takarda, da alamomin sauti. Wannan rubutun ne ya sa ake iya jera takarda da takarda a ga inda kari ya yi daidai da wani.

Aro kuwa hawa-hawa ne. Akwai ɗauko kari yadda yake, kowa ya ji ya gane. Akwai ishara, inda ake taɓo sauti huɗu ko biyar a wuce. Akwai ɗora sabon aiki kan ginin tsoho, akwai kuma mutum ya ara daga tsohon aikinsa. Masanin nan J. Peter Burkholder ya ƙirga hanyoyi 14 a ayyukan Ba'amurke Charles Ives kaɗai.

Falsafar baɗini a nan ba sufancin Musulunci ake nufi ba, ba kuma aƙida guda ba ce. Tarin ra'ayoyi ne, daga ibadar Katolika zuwa falsafar Jamus zuwa abin da Turawa suka tsinto daga littattafan Indiya. Abin da ya haɗa su shi ne cewa duniyar da ake gani labule ce, haƙiƙa tana bayansa, kuma ba da hujja ake isa gare ta ba, da ɗanɗano ne.

## Inda tunanin ya samo tushe

Kafin 1800, yawancin masu ilimi a Turai sun ɗauki kiɗan da babu kalmomi abu mai daɗin kunne amma maras zurfi. A 1810 marubuci E. T. A. Hoffmann ya yi sharhi kan Simfoni na 5 na Beethoven, ya ce kiɗa yana buɗe wa mutum wata daula da bai sani ba, wadda ba ta da haɗi da duniyar da ke kewaye da shi. Rashin kalmomin da a da ake gani naƙasu, shi ya koma daraja.

Arthur Schopenhauer ne ya kafa wa tunanin ginshiƙi a babban littafinsa na 1819. A wurinsa duk abin da ake gani sura ce; a ƙarƙashinta akwai wata makauniyar irada, ƙishirwa marar yankewa da ke tura komai daga tsiro har mutum, kuma ita ce tushen wahala. Sauran fasahohi inuwa suke nunawa, in ji shi, kiɗa kuwa ainihin iradar yake bayyanawa, ba tare da ya bi ta kan wata sura ba.

Hanyar da wani ɓangare na wannan tunani ya biyo kafin ya isa Jamus abin lura ne. Dara Shikoh, babban ɗan Sarki Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne. A 1657 ya jagoranci fassara littattafan Upanishad na Hindu zuwa Farisanci. Bafaranshe Anquetil-Duperron ya juya wannan fassara zuwa Latin, aka buga a 1801 da 1802, kuma ita Schopenhauer ya riƙa karantawa har ya kira ta abin da ke sanyaya masa rai a rayuwa. Shahararren mai tsara kiɗa na Jamus Richard Wagner ya karanta Schopenhauer a 1854, abin ya juya masa tunani, daga Wagner kuma ya bazu ga duk matasan da suka tashi a Vienna da Munich da Berlin.

Nan ƙuncin ya taso. An ce kiɗa ya fi magana daraja saboda ba ya ambaton komai. Amma mai tsara kiɗa da ke son ya yi maganar mutuwa, ko hisabi, ko gafara, yana bukatar mai sauraro ya san a kan me ake. Zai iya raba takardar bayani a ƙofar zaure, sai dai hakan ya mayar da kiɗa bawan kalma. Zai iya shigo da mawaƙa, kamar yadda Beethoven ya yi a Simfoni na 9 a 1824, amma aikin ya daina zama kiɗan zalla. Hanya ta uku ita ce ya ɗauko karin da kalmominsa suka riga suka zauna a kan mai sauraro. Babu wanda ya buɗe baki a dandamali, amma kalmomin sun tashi a zuciyar wanda ke zaune.

Misalin da ya fi yawo shi ne Dies irae, waƙar Latin ta ƙarni na 13 kan ranar hisabi, wadda a wancan zamani ake rerawa a jana'izar Katolika. Berlioz ya sa ta a simfoninsa na 1830, Liszt ya gina aikin fiyano da okestra sukutum a kanta. Daga nan duk Baturen da ya ji sautukanta na farko ya san an ambaci kabari.

## Bruckner: mai ibada da aka mayar masanin baɗini

Anton Bruckner, ɗan malamin makarantar ƙauye da aka haifa a 1824 a Ostiriya, ya yi shekaru yana kaɗa ogan, babban kayan kiɗan coci, a majami'ar St. Florian da ta Linz. Ba mai karatun falsafa ba ne. Mutum ne da ke rubuta adadin addu'o'in da ya yi kullum a kalandarsa. Aronsa iri biyu ne: daga Wagner, wanda yake girmamawa matuƙa, da kuma daga kiɗan ibada da shi kansa ya rubuta.

A Simfoni na 7, babi na biyu yana hawa a hankali zuwa ƙololuwa da karin da ke cikin waƙarsa ta godiya, Te Deum, a daidai inda kalmomin Latin ke roƙon kada a kunyata bawa har abada. Yana cikin wannan aiki labarin mutuwar Wagner a Venice ya iso shi a Fabrairun 1883, sai ya rufe babin da makoki da wasu ƙahonin tagulla da Wagner ya sa aka ƙera don ayyukansa. A Simfoni na 9, wanda likitansa ya ce ya sadaukar ga Ubangiji, babi na uku ya ɗauko roƙon jinƙai daga kiɗan ibadarsa na 1864, kusa da ƙarshe kuma ya waiwayi karin simfoni na 8 da na 7. A farkon babin akwai wani hawan sauti da ke tuna wa kunne Amin na Dresden, ɗan gajeren karin coci da ake dangantawa ga Johann Gottlieb Naumann, wanda Mendelssohn ya ara, Wagner ma ya ara a Parsifal a 1882. Bruckner ya rasu a Oktoban 1896 bai kammala babi na huɗu ba.

Bayan mutuwarsa ne marubuta irin su Ernst Kurth, a littafinsa na 1925, suka siffanta shi da mai baɗini. Wato a wannan karon aron na Bruckner ne, falsafar kuwa wasu suka ɗora masa.

## Mahler: waƙar yara a bakin kabari

A wurin Mahler ne abin ya fi zurfi, domin shi ya karanta falsafar, ya kuma san abin da yake yi da ita.

Babi na uku na Simfoninsa na 1, wanda aka fara kaɗawa a Budapest a Nuwamban 1889, yana buɗewa da ganguna suna buga sauti biyu a hankali, kamar takun masu ɗauke da makara. Sai babban goge mai kaurin murya, shi kaɗai, ya shigo da wata siririyar murya a shaƙe. Karin da yake ja shi ne Frère Jacques, waƙar da duk wanda ya yi makarantar Faransanci ya sani, wadda Jamusawa ke kira Bruder Martin ko Bruder Jakob. Mahler ya rage mata sauri, ya karkatar da ita zuwa ma'aunin sautin da kunnen Bature ke ji da juyayi. Sauran kayan kiɗa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na bin sawun na gabansa yadda yara ke yi. Kalmomin waƙar tambaya ce ga wani ɗan'uwa: har yanzu barci kake? Babu wanda ya rera su, amma duk zauren ya san su, kuma a tafiyar jana'iza tambayar ta zama wani abu dabam. Cikin 'ya'ya 14 da mahaifiyar Mahler ta haifa, takwas sun mutu tun suna yara.

Can tsakiyar babin sai komai ya yi laushi, ya ɗauko kari daga wata waƙarsa ta baya, inda matafiyi ya kwanta ƙarƙashin bishiya ya sami barcin da ya mantar da shi ciwon rayuwa. Masu sauraron Budapest sun ruɗe, wasu ma sun yi ihun rashin yarda. Ba su saba a haɗa abin wasa da abin makoki a kwano ɗaya ba.

Haɗin kuwa da gangan ne. Ban da Schopenhauer, Mahler ya karanta Gustav Fechner, masanin kimiyya da ke ganin tsirrai da taurari da duniya kanta duk suna da rai, kuma rayuka hawa-hawa ne zuwa ga Ubangiji. Simfoninsa na 3 a kan wannan tsani aka gina shi: da farko ya ba babukan sunaye kan abin da furanni ke faɗa masa, sai dabbobi, sai mutum, sai mala'iku, sai ƙauna, daga baya ya cire sunayen. A 1907 ya gaya wa Sibelius, mai tsara kiɗa ɗan Finland, a Helsinki cewa dole simfoni ya zama kamar duniya, ya rungumi komai. Wanda ya yarda babu abin da ke wajen rai ɗaya babba, ba zai ga waƙar titi ko busar bariki a matsayin ƙazanta ba. Su ma suna kan tsanin.

Shafin ƙarshe na Simfoni na 9, wanda ya rubuta a 1909, ya nuna yadda aro ke iya yin shiru. Masu goge kaɗai suka rage, sauti yana tsinkewa yana dawowa. A nan gogen farko ya ja wani layi daga waƙoƙin da Mahler ya yi tsakanin 1901 da 1904 kan mutuwar yara, a baitin da uba ke lallashin kansa cewa yaran sun riga shi hawa tudu ne kawai, kuma yini yana da kyau a can saman. Baitocin na Friedrich Rückert ne, wanda shi ne kuma ya fassara Muƙamatul Hariri zuwa Jamusanci. A 1907 'yar Mahler, Maria, ta rasu tana da shekara huɗu. Bai ji wannan simfoni da kunnensa ba. Ya rasu a Mayun 1911, jagoran okestra Bruno Walter ya fara gabatar da shi a Vienna a 1912.

## Busoni da Scriabin: hanya biyu daga mafari ɗaya

Ferruccio Busoni, Ba'italiye mazaunin Berlin, shi ya mayar da aro aƙida. A ɗan littafinsa na 1907 ya ce rubuta kiɗa a takarda shi kansa juyi ne na wani abu da ya riga ya wanzu. A ganinsa duk karin da za a taɓa ji yana nan tun azal, mai tsara kiɗa tsintowa yake yi. In haka ne, tsakanin ƙirƙira da juya aikin wani babu katanga. A 1910 ya ɗauki aikin da Bach ya mutu a 1750 bai ƙarasa ba, wanda ya yanke jim kaɗan bayan Bach ya saƙa haruffan sunansa cikin sauti, ya ci gaba daga nan da salon ƙarni na 20, ya fitar da Fantasia contrappuntistica. Babban aikinsa na fiyano da okestra na 1904, mai tsawon fiye da awa guda, ya ratsa ta waƙoƙin titin Italiya, ya ƙare da muryoyin maza da aka ɓoye daga idon jama'a suna rera baitocin marubucin Denmark Adam Oehlenschläger daga wasansa na Aladdin, baitocin da ke kiran zukata su kusanci Allah, da wannan sunan.

Alexander Scriabin na Rasha ya bi kishiyar hanya. Ya fara da kwaikwayon Chopin, amma bayan ya shiga karatun Helena Blavatsky wajen 1905, matar da ta kafa ƙungiyar baɗini ta Tiyosofi da abokanta a New York a 1875, sai ya nufi harshen da babu wanda ya taɓa ji. Ya gina Prometheus na 1910 a kan wani curin sauti shida nasa na kansa. Sai dai da ya ƙi aron kari, dole ya nemo wata hanyar nuna ma'ana. Ya wallafa doguwar rubutacciyar waƙa don ta raka wani aikinsa, ya kuma rubuta wa Prometheus layi na musamman na hasken launuka da za a haska a zaure, abin da ba a iya yi ba a Mosko a 1911 sai a New York a 1915. Burinsa na ƙarshe shi ne wani taro na kwana bakwai a Indiya, mai haɗa kiɗa da rawa da ƙamshi da haske, wanda ya yi imani zai kawo ƙarshen wannan duniya ya sauya ɗan Adam. Ya mutu a Afrilun 1915 yana da shekara 43, sanadiyyar wani maruru a leɓe da ya sa masa guba a jini. Ya kuɓuta daga aron kari, amma ra'ayoyin da ya jingina da su kusan duk na aro ne.

## Aron da babu wanda zai iya ganewa

Rachmaninoff ya kawo wani misali da ke gwada duk wannan bayani. Dies irae ta bi shi tsawon rayuwa. A aikinsa na ƙarshe, raye-rayen simfoni na 1940, babin ƙarshe ya haɗa ta kokawa da wani kari daga kiɗan ibadar dare na cocin Rasha da ya rubuta a 1915, a ɓangaren da ke maganar tashi daga matattu. Karin tashin ne ya yi rinjaye, kuma a daidai wurin ya rubuta kalmar Halleluya a takardar da hannunsa.

Amma a ƙarshen babi na farko ya ɗauko kari daga Simfoninsa na 1, wanda aka kaɗa sau ɗaya tak a 1897, aka yi masa kaca-kaca, shi kuma ya shiga damuwar da ta hana shi rubutu kusan shekara uku. Ba a wallafa aikin ba, ba a sake jinsa ba. Karin da a da yake da zafi ya dawo da shi cikin taushi da haske. Kusan babu wanda zai iya gane shi a zauren Philadelphia a 1941. Sai bayan mutuwarsa aka tsinci takardun makaɗa a Leningrad, aka sake kaɗa simfonin a 1945. Wannan aro ba don jama'a aka yi shi ba. Ya fi kama da abin da mutum ke yi tsakaninsa da Mahaliccinsa, kuma ya nuna cewa isar da saƙo ba shi kaɗai ne dalilin aro ba.

## Yadda ra'ayoyi suka rabu

Ɓangare na farko na bin Eduard Hanslick, mai sharhin kiɗa na Vienna, wanda ya rubuta a 1854 cewa abin da ke cikin kiɗa shi ne surorin sauti masu motsi, ba wani abu ba. A wurinsu karin aro kayan gini ne, abin dubawa shi ne yadda aka sarrafa shi. Suna da hujja mai ƙarfi a Brahms, wanda ya gina babin ƙarshe na Simfoninsa na 4 a kan wani layi daga Bach ba tare da wata da'awar baɗini ba. Rauninsu shi ne ba su da bayanin abin da ya sa Rachmaninoff zai rubuta Halleluya inda babu mai rerawa.

Ɓangare na biyu na ganin kowane aro mabuɗi ne na ɓoyayyar ma'ana. Inda mai aikin ya bar shaida, suna kan gaskiya. Richard Strauss, a aikin da ya kammala a Afrilun 1945 bayan an ragargaza gidajen kiɗan Munich da Dresden da Vienna a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kawo karin jana'iza na Simfoni na 3 na Beethoven ya rubuta kalmomin tunawa da mamaci a ƙarƙashinsa. Matsalar tana tasowa inda babu shaida. Sautukan da kiɗan Turai ke aiki da su 12 ne, kuma sauti huɗu na farkon Dies irae suna iya faɗowa a hannun kowa. Har yau masana na jayayya kan ko wasu wuraren da ake cewa Bruckner ya ɗauko daga Wagner aro ne ko kamanni.

Na uku su ne masu cewa kayan aro ba ya rufe katara: wanda ya ara, basira ce ta gaza masa. Mai tsara kiɗa Hans Pfitzner ya yi wa Busoni raddi a 1917, yana kare ilhamar da ke faɗo wa mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Abin lura, shi ma almajirin Schopenhauer ne, wato daga littafi ɗaya aka ciro hujjar aro da hujjar ƙinsa. Sai dai wannan zargi yana da wata mummunar fuska. Tun rubutun Wagner na 1850 ake yaɗa cewa Bayahude ba ya ƙirƙira, kwaikwayo kawai yake yi, kuma da wannan sanda aka doki Mahler, wanda asalinsa Bayahude ne, kamar yadda mai sharhin kiɗa Rudolf Louis ya yi a 1909. Ba a auna Bruckner ko Brahms ko Wagner kansa da wannan mudu ba, alhali duk sun ara.

Akwai kuma abin da babu ɓangaren da ya cika son faɗa. Falsafar ta yi alƙawarin harshen da kowane ɗan Adam zai fahimta ba tare da tafinta ba. Amma aro yana aiki ne da abin da mutum ya haddace tun yana yaro a wani gari, cikin wani addini. Wanda bai taɓa zuwa jana'izar Katolika ba, Dies irae kari ne kawai a kunnensa. Ƙofar gaibun da aka ce ta kowa ce, mabuɗinta na hannun mutanen wata unguwa.

## Abin da ya shafi mai sauraro a yau

Wannan kiɗa ya fi shiga kunnen jama'a ta finafinai. Masu tsara kiɗan fim na farko a Hollywood, irin su Max Steiner da Erich Korngold, 'yan Vienna ne da suka tashi a inuwar Mahler da Strauss, kuma sun tafi da dabarar. Dies irae na fitowa a finafinai da dama a lokacin da mutuwa ta kusanto. Mai kallo yana jin tsoron ko bai san waƙar ba, domin yawan maimaici ya koya masa. Wato kari yana iya rabuwa da kalmominsa na asali ya riƙe nauyinsu.

Tambayar ko kari yana tafiya da ma'anarsa ta farko ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Kano an daɗe ana muhawara kan masu bege da ke ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Annabi a kai. Masu goyon baya na cewa an ceto karin ne an ba shi aikin alheri, masu suka na cewa mai sauraro ba zai fasa tuno rawar da ya gani a fim ba. Duk ɓangarorin sun yarda da abin da Mahler ya dogara da shi, cewa kari ba ya zuwa hannu wofi.

Ta fuskar doka, yawancin abin da waɗancan suka ara ba shi da mai shi: waƙar coci, waƙar gargajiya, aikin wanda ya daɗe da mutuwa, ko nasu na kansu. Yarjejeniyar Berne kan haƙƙin mallaka ma sai a 1886 aka ƙulla ta. A wannan shekarar ce Strauss ya sa Funiculì funiculà a wani aikinsa yana zaton ta gargajiya ce, ashe mai ita, Luigi Denza, yana raye, shekara shida kacal da tsara ta. Saboda haka misalin Mahler ba hujja ba ce ga mawaƙin yau da ya ɗauki karin abokin sana'arsa. A Najeriya, ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kamar a Tarayyar Turai, aikin kiɗa yana da kariya har shekara 70 bayan mutuwar mai shi. Rubutun Bruckner da Mahler da Scriabin da Busoni ya fita daga wannan wa'adi, kowa na iya kaɗawa ko sarrafawa. Amma faifan da wata okestra ta naɗa yana da nasa haƙƙin dabam, shi ya sa mai haɗa bidiyo zai iya sa Mahler a ƙarƙashin hotunansa YouTube ta tare shi.

Wanda kuma ke son ya ji aron da kunnensa, sai ya duba wane bugu yake saurare. Simfoni na 3 na Bruckner, wanda ya sadaukar ga Wagner bayan ya ziyarce shi a Bayreuth a 1873, yana da siga uku. Wuraren da ke tuno Wagner sun fi yawa a ta 1873. Bruckner ya zubar da yawancinsu a gyaran 1877 da na 1889. Sigar farkon ba a wallafa ta ba sai 1977, kuma faifai da yawa, musamman tsofaffi, na 1889 ne suke ɗauke da ita.